HUKUNCIN TSINTAR KAREN FARAUTA DA RIƘONSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, an san mutanen ƙasar Tsafe da Bunguɗu da farauta tun kaka da kakanni, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona. Karensu sananne ne: siriri, mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, mai jure yunwa da zafin rana. To, rashin zaman lafiya da ya addabi Zamfara ya hana mafarauta da yawa shiga daji, wasu ƙauyuka ma sun watse, mutanensu sun nufo Gusau. Karnukan da aka bari a baya sukan biyo hanya suna yawo a bakin kasuwa da juji. Shin Musulmi yana iya ɗaukar irin wannan kare ya riƙe?

Amsa ita ce yana iyawa, in da dalili. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Tsaron gida kuwa malamai sun yi saɓani a kansa. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro. Da aka tuna masa Imam Malik ya ƙi haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Wanda ya san halin da ƙauyukanmu ke ciki zai gane nufin Malam.

Amma akwai abin da jama'a ke mantawa: karen farauta yana da mai shi. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa karen da aka yi izinin ajiyewa cikin tsintuwa, tare da doki da jaki. Saboda haka wanda ya ɗauke shi, wajibi ne ya yi cigiya inda ake zaton samun mai shi, wato kasuwa, tasha, ƙofar masallaci, da wurin Sarkin Baka, don mafarauta sun san karnukan juna. Asalin wa'adin cigiya shekara guda ce. In mai shi ya zo ya faɗi kamanninsa daidai, sai a miƙa masa. Sayar da shi kuwa a guje masa, domin an yi hani ga kuɗin kare, ko da yake Sahnunu ya halatta sayar da na farauta.

Game da tsarki, mazhabar Malik ta tafi a kan cewa kare mai rai ba najasa ba ne, shi da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ruwa, bin umarni ne kawai. Shafi'awa suka ce najasa ne mai kauri. Duk da haka a yi masa makwanci a waje, da kaskonsa dabam.

Idan za a fita da shi, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Horarre shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Tsintaccen kare sai an gwada shi tukuna. Maharbi ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin sakinsa. In ya iske zomo ko gada da sauran rai, dole ya yanka. In ya yi sakaci, ko ya fita ba wuƙa har dabbar ta mutu, ta zama mushe. Haka kuma in wani kare da ba wanda ya sake shi ya taya kisa, kamar yadda hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya nuna, ba a ci. Wannan kuwa yakan auku a farautar gayya, kuma kaɗan ne ke kula.

Ci da shansa suna wuyan wanda ya ɗauke shi. Allah ya gafarta wa wani mutum saboda shayar da kare mai ƙishirwa, wata mata kuma ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare ba abinci. Ɗaure kare a rana ba ruwa, ko barin yara su yi ta jifarsa, zalunci ne.

Sai batun ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Karen da ya yi yawo ba a san abin da ya cije shi ba. A kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi, a riƙa sabuntawa. In ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace.