TSALLE DA GORA

Cikin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle babu wanda ya ke ruɗin mai kallo kamar tsalle da gora. In ka ga mutum ya yi sama, ya juya, ya faɗa bayan kara, sai ka ce ƙarfin damtse ne. Alhali kuwa mafi yawan aikin a ƙasa a ke yinsa, tun kan mai tsalle ya ɗaga.

Ga dalili, kuma masu son lissafi sa ji daɗinsa. Gudun da mutum ya kawo shi gora ke juyawa ya zama hawa. In ka ɗauki saurinsa, ka riɓa shi da kansa, ka raba da 19.6, ka sami kimanin tsawon da gudun nan kaɗai zai iya ɗaga jikinsa. Mai cin mita 7 cikin daƙiƙa guda ya sami mita biyu da rabi. Mai cin mita 8 ya sami mita uku da kwata. Watau ƙarin mita guda ga sauri ya kan kawo wajen santimita 75 ga hawa. Wane damtse ne zai ba ka wannan? Saboda haka wanda ke so ya ƙaru, sai ya riƙa bin masu tseren yadi ɗari, ya koyi gudu da gora a hannu har ya mance yana ɗauke da ita.

Bari mu ɗauka mai tsalle na-dama ne, bahago sai ya juya maganar. Hannun dama shi ke sama, a riƙe shi kusa da kwatangwalo, na hagu a gaban ƙirji, tsakaninsu kamar faɗin kafaɗu. Sabon shiga ya tsai da gora, ya miƙa hannu iyakar inda ya kai, ya ƙara kamar ƙafa guda, nan ne mariƙinsa. Yara sun cika son riƙo can ƙoli don a ce da su gwanaye. Wannan wauta ce, gama wanda riƙonsa ya fi gudunsa, gora ba ta miƙewa da shi, sai ta komo da shi inda ya fito, inda babu katifa.

Taki kuwa a ƙidaya shi. Manyan gwanaye su kan yi 18 ko 20, amma ɗan makaranta 10 ko 12 sun ishe shi. Ya tsaya bakin akwatin da a ke cusa gora, ya ba shi baya, ya yi gudu, wani ya sa alama inda takin ƙarshe ya faɗi. Daga nan zai riƙa tashi kullum. A fara a hankali, a ƙare da sauri. Wanda ya rage gudu da ya ga akwati ya zubad da abin da ya tara.

To, ga wurin da a ke rabuwa da gwani da na baya, watau dasa gora. Tun daga nesa kan gora ke sauka kaɗan kaɗan, ba a yi masa saukar farat ɗaya. In saura taki uku, sai hannuwa su fara tura ta gaba da sama, yadda ƙafar hagu na taka ƙasa takin ƙarshe, hannun dama ya riga ya miƙe sarai bisa kai. Ƙafan nan kuwa lalle ta sauka daidai ƙarƙashin hannun dama, har da za a saki dutse daga hannun, bisa yatsun ƙafa zai faɗi. In ta shige gaba, gora ta fizge ka tun ba ka yi tsalle ba, kafaɗa da gadon baya su sha wuya. In ta tsaya baya ƙwarai, ba ka isa. Abokinka ya tsuguna gefe ya duba maka, don kai da kanka ba ka iya gani. Kuma a yi tsalle na gaske, kamar na masu tsallen nisa, gwiwar dama gaba, ƙirji gaba. Kada a tsaya jiran gora ta ɗauke mutum.

Bayan ɗagawa sai haƙuri. Kowa zuciyarsa na ce masa ya ja jiki da hannu nan da nan, amma wanda ya ja da wuri ya kashe lilonsa. A bar ƙafar hagu a miƙe ta yi lilo, har ƙafafu su koma sama, kai ƙasa. Sa'an nan a ja, a juya hagu, ciki ya fuskanci kara, a saki hannun hagu, a tura da na dama. A faɗi da baya tsakiyar katifa, ba da ƙafa ba. Igiya da a ka rataya a reshe mai ƙarfi ta isa koyon lilon nan.

Ko da mu ke cewa gora, yanzu sunan ne ya rage. Cornelius Warmerdam na Amurka da gora ta ainihi ya fara ƙetare ƙafa 15 cikin 1940, ya kai mita 4.77 cikin 1942, ba wanda ya wuce shi sai 1957. Daga baya a ka koma sandar zaren gilashi, wadda ke tanƙwaruwa ta harba mutum kamar baka. Da irinta Sergey Bubka ya ƙetare mita 6 a Faris cikin 1985, Yelena Isinbayeva ta kai 5.06 cikin 2009. Armand Duplantis kuwa yana ɗan makaranta mai shekara 17 ya yi 5.90 cikin 2017, ya kai 6.30 a Tokyo cikin 2025.

Kowace sanda irin wannan an rubuta mata nauyin da za ta iya ɗauka. Kada wanda ya fi shi ya taɓa ta, kuma a duba ta kullum, don ɗan tsagi ko ƙarzuwa ya isa ya karya ta a sama. Wanda bai sami katifa ba, ya tsaya ga riƙo na ƙasa ƙasa, ya yi ta dira cikin ramin rairayi da a ka tone sosai, a kan gudun taki huɗu ko shida. In an sami katifa, sai a riƙa ɗaga riƙon da faɗin yatsa biyu ko uku, ba kuwa a ƙara sai malamin wasa ya ga mutum na faɗawa tsakiya kowane karo.