Darasi: Yadda Ɗalibai Ke Haɗa Hannu Su Gina Shafin Ilimi

 'Yan'uwa ɗalibai, musamman ƙannenmu masu tasowa, darasin da muka kawo muku a littafin bana shi ne yadda 'yan makaranta kamarmu za su raba aiki a tsakaninsu su gina shafin ilimi a intanet. Misalin da za mu bi shi ne shafi a kan tarihin zangonmu na Kumasi, domin shi ne abin da ke hannunmu a nan Ashanti New Town da Aboabo da Asawase, kuma shi ne abin da ke neman kuɓuce mana. Duk tsohon da aka raka maƙabartar Tafo ya tafi da labaran da ba wanda ya rubuta.

Abin ba sabo ba ne. A 1989 wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya kawo tsarin shafukan da muke buɗewa yau, lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba. Shafin farko ya fito a 1991, a 1993 kuma cibiyar ta sake wa duniya fasahar kyauta. Gana ta samu cikakken haɗi da intanet a 1995, da ƙoƙarin su Farfesa Nii Quaynor. Shekara ɗaya bayan haka aka fara wata gasa a Amurka mai suna ThinkQuest, inda yara 'yan makaranta ke haɗuwa ƙungiya-ƙungiya, da malami mai lura da su, su gina shafin da zai koyar da wasu yaran. Wata ƙungiyar ma 'ya'yanta ba a ƙasa ɗaya suke ba. Kamfanin Oracle ya karɓi gasar a 2002, a 2013 kuma aka rufe ta. Ku riƙe wannan rufewar a zuciya, za mu buƙace ta a gaba.

Allo da zayyana

Shafi dai rubutu ne kawai a cikin fayil, ba wani sihiri. Harshen da ake tsara shi da shi sunansa HTML, aikinsa ya gaya wa waya ko kwamfuta cewa wannan kan magana ne, wannan sakin layi ne, nan hoto zai zauna, nan kuma in an taɓa za a wuce wani shafin. In kun sa <h1> kafin jimla kuka rufe da </h1>, ta zama babban kan magana. <P> kuma na sakin layi ne. Akwai na biyu, CSS, shi ke kula da launi da girman baƙi da tazara. Wanda ya taɓa ganin allon sauka ya riga ya gane: rubutun daban, zayyanar da ta kewaye shi daban, kuma ba a fara zayyana sai rubutu ya zauna daidai.

Abin daɗin shi ne ba sai da data ba. Ku rubuta fayil, ku sa masa suna index.html, ku buɗe shi, zai fito a kwamfutar ko da ba intanet. Ke nan kwamfuta ɗaya ta ishi aji, in dai an yi adalci wajen zama a gabanta. Kuma tunda kun san halin dumsor, ku zana kowane shafi a takarda tukuna, sannan ku riƙa adana aikin duk bayan 'yan layuka.

Rabon aiki

Mu a ganinmu aikin kashi biyar ne: masu zuwa gidaje su ɗauko labari, masu tantance shi, masu rubutawa, masu hoto, da masu zama a kan kwamfuta. Sai mutum ɗaya da aka yarda da shi ya riƙe littafin aiki, ya rubuta wa aka ba me, kuma yaushe zai kawo. Ba sarki ba ne, ɗan tuni ne. Malam kuma shi ne mai duba na ƙarshe.

Matsalar da kusan kowace ƙungiya ke gamuwa da ita ita ce kowa kwamfuta yake so. Yaron da ya fi iya danna ta ya zauna ya ƙi tashi, sauran su zama 'yan kallo, ran da ya yi zazzaɓi aiki ya tsaya cak. Maganin shi ne juyi: kowane mako a sauya mai zama, wanda ya iya ya koma gefe, ya yi bayani da baki, ya ɗauke hannunsa. Da wuya fa, amma haka ake samun mutum biyar da suka iya maimakon ɗaya. Juyin nan kuwa har da 'yan mata, ba a bar su da share aji ba. Ballantana ma akwai labarin da namiji ba zai samo ba. Su ne ke shiga har ɗakin Hajiya su zauna, su ji yadda aka yi sana'ar koko da ƙosai da waakye ta riƙe gidaje, ta biya kuɗin makarantar yara.

Wa ya faɗa maka?

A nan za mu daɗe, don nan ne shafin ilimi ya rabu da hirar bakin titi. Mu 'yan Islamiyya muna da abin da wasu ba su da shi: an koya mana isnadi. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, bai karɓi magana don ta yi daɗin ji ba, sai ya san wa ya ji daga wa. Ba muna daidaita labarin zango da hadisi ba ne, Allah ya kiyaye. Ɗabi'ar tambayar ce muke aro. Duk abin da zai hau shafi, a rubuta a littafin aiki wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa, da kuma ko da idonsa ya gani ko ji ya yi.

Tsofaffinmu ba su cika ƙirga da shekarun Turawa ba, da aukuwa suke ƙirgawa, don haka masu tantancewa su tanadi 'yan turakun da za su ɗaure labari a kai. A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi, daga nan ƙarfin Tonawa a kan Salaga ya raunana. A 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga, fataken goro da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa. A 1896 aka kama Sarkin Tonawa Prempeh na Ɗaya, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, jirgin ƙasa kuma ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903. To, in Baba ya ce kakansa ya zo yana saurayi, shekarar da jirgi ya fara shigowa gari, kun samu 1903. In kuma ya ƙara da cewa kakan nan ya yi wa Sarki Osei Bonsu rubutun sha, sai ku lissafa: Osei Bonsu shi ne sarkin da Bowdich ya tarar a 1817, ya kuma ga malamai Musulmi a fadarsa. Tsakani ya haura shekara tamanin, mutum ɗaya ba zai zama saurayi a nan kuma malamin fada a can ba. Wataƙila kakanni biyu ne suka haɗe a baki ɗaya. Ba za ku ce wa Baba ya yi kuskure ba, wannan rashin ladabi ne. Ku koma da gaisuwa, ku ce, "Baba, wancan kakan da kuka ambata, shi ne mahaifin mahaifinku ko na gaba da shi?" Sau da yawa shi da kansa zai warware.

In baki biyu suka saɓa kuma ba hanyar rarrabewa, a kawo duka biyun, a ce gidan kaza haka suke faɗa, gidan kaza haka. Kada mai rubutu ya zaɓi na danginsa.

Akwai kuma rubutattun abubuwa. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami. Cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta tattara irin waɗannan takardu a shekarun 1960. Wasu wasiƙun Musulmin Kumasi na zamanin da kuwa suna can Kopanhagan, a ɗakin karatun masarautar Danmak. Abin da ke cikin akwatunan gidajenmu shi ne ba a taɓa ƙirgawa ba, kuma gara ba ta jiran kowa.

Wace Hausa?

Wannan gardama ce da za ta taso tun ranar farko. Hausarmu ta zango ba ta Kano ba ce. Da yawanmu ba ma raba ƙ da k, ko ɗ da d, a baki. Mukan ce "yarinya ya zo". Tonanci da Turanci kuma sun shiga maganarmu. Ba abin kunya ba ne, kowace ƙasa da bakinta. Shawararmu ita ce maganar tsoho a bar ta yadda ta fito daga bakinsa, kar a goge masa harshe. Bayanin da mu muka rubuta kuwa a bi daidaitaccen rubutu, don na Maraɗi da na Zariya su karanta ba tare da tuntuɓe ba. A rubuce ƙugiyar nan tana da aiki: baki daban da baƙi, kasa daban da ƙasa, kafa daban da ƙafa.

Don haruffan nan su fito daidai, masu gini su sa layin da ke cewa charset="utf-8" a saman kowane fayil, in ba haka ba wata wayar za ta nuna tarkace a gurbinsu. Larabci kuma a sa masa dir="rtl" don ya tashi daga dama. Aya ko hadisi ba ya hawa sai Malam ya duba wasali ɗaya-ɗaya. Ajami ya fi wuya, domin ba kowace waya ke nuna wasu alamominsa ba. Ku ɗauki hoton takardar, ku sa karatunta da boko a ƙasa.

Hoto kuwa a rage masa nauyi. Na waya ɗaya kan kai megabait 3 ko 4, alhali rubutun shafi guda bai fi 'yan kilobait ba. Mai karatunku da MoMo ya sayi datarsa, in shafi ya yi nauyi zai rufe ya tafi.

Amana

Abin da ya hau intanet ya fita hannunku. Kafin ku ɗauki muryar mutum ko hotonsa, ku gaya masa inda za ta je, ku nemi izini. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012. Kar a sa lambar waya, ko kwatancen gida, ko cikakken sunan yaro tare da hotonsa. Wasu labaran kuma masu ciwo ne. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar ƙasa, gidaje da yawa a zango suka rabu. In Hajiya ta fara wannan labarin ta ce a kashe waya, a kashe. In ta ce a rubuta amma ban da suna, haka za a yi. Maganar asalin wani gida, ko rigimar sarauta da limanci, ba ta yara ba ce, a kai wa Malam.

Masauki

Kakanninmu fatake in sun iso gari sai sun nemi maigida, ya sauke su, ya adana musu kaya. Shafi ma haka: yana bukatar wata kwamfuta da ba ta barci ta sauke shi, da kuma suna da za a neme shi da shi. Sunayen Gana da .gh suke ƙarewa. Suna haya ne, duk shekara ake sabuntawa, in an manta ya faɗi, wani ma na iya ɗauka. Akwai masu ba da masauki kyauta, kamar GitHub Pages, sai dai sharaɗinsu mai buɗe asusu ya kai shekara 13. Gara Malam ya buɗe da sunan makaranta.

Yanzu ku tuno da ThinkQuest. Babban kamfani ne ya riƙe ta, amma ranar da ya ce ya rufe, ta rufu. Saboda haka kada aikinku ya zauna wuri ɗaya: kwafi a kwamfutar makaranta, kwafi a filashi a hannun Malam, hirarrakin kuma a buga su a takarda a sa a kabad. Kalmar sirri kada ta tsaya a kan ɗalibi ɗaya, don mu masu fita bana wasu za su wuce sakandare a wani gari, wasu koyon sana'a. A rubuta ta a rufe a ambulan, ɗaya wurin shugaban makaranta, ɗaya wurin malamin aji. Kowace ƙungiya kuma ta ɗauki yara biyu daga ajin da ke bin ta tun makon farko, su zauna kusa da mai littafin aiki, don su ne za a miƙa wa littafin ranar walimar sauka.