Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Yi Wa Madafar Tsakar Gida Fulasta Mai Ƙarko

MAIDUGURI - Ambaliyar ruwan da ta auku a ranar 10 ga watan Satumba na shekarar 2024, sakamakon ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta tilasta wa dubban magidanta da 'yan kasuwa a birnin Maiduguri sake gina katangu da ɗakuna, kamar yadda ya faru bayan ambaliyar shekarar 1994. A unguwar Moduganari da maƙwabtanta, inda galibin girki ake yin sa a tsakar gida, madafa jari ce ga masu sayar da abinci, masu gidajen burodi da masu gidajen haya. Sai dai kuma ita ce aka fi yi wa aikin ganin dama, musamman wajen fulasta, wato shafen siminti da yashi da ake lulluɓe bango da shi.

Darasinmu na wannan mako shi ne, rage siminti da gaggauta aiki ba tattali ba ne, bashi ne da mai gini zai biya ninki biyu nan gaba. Bangon madafar waje yana fama da abokan gaba uku: wutar murhu daga ciki, ruwan damina daga waje, da kuma zafin bazara wanda a Maiduguri yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Zaɓen kaya

A shekarar 2014 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ta ware siminti mai lamba 32.5 domin aikin fulasta, mai lamba 42.5 kuwa domin buga bulo da zuba ginshiƙai. Don haka mai lamba 32.5 ya wadatar. Da yake daga nesa ake kawo wa Maiduguri siminti, kamar daga Ashaka ta jihar Gombe ko Obajana ta jihar Kogi, wajibi ne mai saye ya taɓa buhu ya tabbatar bai daskare ba, domin simintin da ya sha laima ya rasa ƙarfinsa.

Yashi kuma a tankaɗe shi, a gwada shi. A zuba shi cikin kwalba har tsawon santimita 10, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye na wasu sa'o'i. Idan laka da ta kwanta a samansa ta zarce kamar rabin santimita, to wannan yashi zai sa fulasta tsagewa, sai a wanke shi ko a nemi wani.

Shirya bango

Kada a yi fulasta a kan bangon da ya sha ambaliya sai ya bushe sarai. Farin gishirin da ke fitowa a jikinsa a goge shi da busasshen burushi, kuma a ɓamɓare duk tsohuwar fulastar da ke yin ƙara kamar ganga idan an ƙwanƙwasa ta. Inda bulo ya haɗu da linta ko ginshiƙi, a kafa ragar waya irin ta kejin kaji, domin a nan tsaga take fara bayyana.

Bayan haka a yayyafa wa bangon ruwa. Busasshen bulo yakan tsotse ruwan kwaɓi kafin siminti ya kama, kuma wannan na daga cikin manyan dalilan zubewar fulasta. Sannan a watsa kwaɓi mai ruwa-ruwa na siminti kashi ɗaya da yashi kashi biyu, a bar shi da kaushinsa har kwana ɗaya ko biyu, don shafen da zai biyo baya ya sami abin kamawa.

Idan bangon na ƙasa ne, to mai karatu ya sani siminti ba ya zama lafiya da jar ƙasa, domin ba tare suke motsi ba idan sun jiƙe ko sun bushe. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke amfani da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, gashin jima da dafara. Wanda ya nace sai siminti, to ya lulluɓe bangon duka da ragar waya tukuna.

Awo da shafe

Buhun siminti mai nauyin kilo 50 daidai yake da kwanon sarki biyu. Ga bangon waje, awon da ya dace shi ne kashi ɗaya na siminti da kashi huɗu na yashi, wato buhu ɗaya ga kwanon sarki takwas, ko baro biyu da aka share bakinsu. A juya su a bushe har launinsu ya zama ɗaya kafin a zuba ruwa. Kada a kwaɓa fiye da abin da za a iya shafewa cikin minti 30 zuwa 45, kuma kada a yarda lebura ya ƙara wa kwaɓin da ya fara daskarewa ruwa.

A yi shafen sau biyu. Na farko ya kai kaurin milimita 10 zuwa 12, a danna shi sosai da cokalin gini, a daidaita da miƙaƙƙen katako. Kafin ya bushe, a karce shi a kwance da ƙusa ko guntun waya. A ba shi aƙalla kwana biyu ana jiƙa shi. Shafe na biyu ya zama siriri, milimita 3 zuwa 5, kuma kada simintinsa ya fi na farko yawa, don kada ya ja na ƙasa ya tsage. A goge shi da katako ko soso. Mai son ado yana iya sa a yi masa feshin siminti mai kaushi a waje, amma a ciki sumul ya fi, domin hayaƙi da maiƙo sun fi sauƙin wankuwa.

Game da murhu kuwa, siminti yakan fara rauni idan zafi ya kai wajen digiri 300. Saboda haka a kewaye wurin wuta da jan bulo da yumɓu, a bar ɗan tazara tsakaninsa da bango. Haka kuma a sa bakin rufin kwano ya zarce bango sosai, a yi daɓe mai gangara a gindinsa don kada ruwa ya kwanta.

Shayar da bango

Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce. A riƙa shayar da fulasta safe da yamma har kwana bakwai. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska tana kwashe laima cikin sa'o'i kaɗan, don haka a rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a jikin bangon. A bazara a fara aiki da sassafe, a guji bangon da rana ke duka. Fenti kuma ya jira kamar makonni huɗu.

Lissafin riba da asara

Mu ɗauki madafa mai tsawon mita 4, faɗin mita 3 da tsayin mita 2.5. Ciki da waje, bayan an cire ƙofa da taga, za a sami kimanin murabba'in mita 64. A kaurin milimita 15, buhu ɗaya yana rufe kusan murabba'in mita 9, wato ana bukatar buhu 7, a ƙara ɗaya ko biyu domin watsin farko da abin da ke zuba ƙasa.

Idan aka ninka yashi ya koma kashi takwas, buhu 4 za su isa, an rage buhu 3 ke nan. Amma ranar da fulastar ta fara zuba, mai madafa zai sayi buhu 8 sababbi, ya biya kuɗin ɓamɓara, ya sake biyan magini, ga kuma cinikin kwanakin da tukunya ba ta hau wuta ba. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Shawararmu ga 'yan kasuwa ita ce, su sayi siminti da kansu, su ƙirga buhunan da aka fasa kowace rana, su rubuta awo, kauri da kwanakin shayarwa cikin yarjejeniya, sannan su riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai an cika kwana bakwai ana ba bango ruwa. Tun ran gini, ran zane.