Gumin Gilashi: Abin da ke Dusashe Taga Mai Falle Biyu

Duk wanda ya shiga kanti a garin Birnin Gwari cikin watan Agusta, sa'ad da marka ta kankama, zai tarar da ƙofar gilashin firjin lemo ta yi gumi sharkaf. Mai kanti ya sa tsumma ya goge, nan take ta washe. Amma akwai firjin da ya kwana biyu, wanda ko an goge ciki an goge waje, dushi-dushin yana nan daram. Dalili kuwa shi ne ƙofar ba falle ɗaya ba ce. Gilashi biyu ne aka haɗa, aka bar 'yar rata a tsakani, ruwan kuma yana cikin ratar, inda hannu ba ya kaiwa. Irin wannan gilashi ne ake sa wa tagogin gidaje a ƙasashe masu tsananin sanyi, don haka abin da ya shafi ƙofar firjin ya shafi tagar.

Kafin a gane yadda ruwa ya shiga wurin da aka liƙe, wajibi ne a san inda ya fito. Iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya danganta ga zafinta. A ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. In zafin iskar da ke ciki ya kai digiri 30 a ma'aunin Salsiyos, za ta iya riƙe kimanin giram 30 na tururi. In ya sauka zuwa digiri 20, giram 17 ne iyakarta; a digiri 10 kuwa ba ta wuce giram 9 da 'yan kai. Watau in iska mai cike da laima ta taɓa abu mai sanyi, tilas ta sauke rarar da ta fi ƙarfinta. Wannan rara ita ce raɓa a kan ciyawa, ita ce kuma gumin kwalbar lemo. Gumin randa dabam yake, domin shi daga ciki yake tsattsafowa ta jikin yumɓu, kada ɗalibi ya haɗa su.

Ƙasar Birnin Gwari ba ta rasa laima da damina. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, cike yake da doka da maje da kaɗanya da ɗorawa. Kowace bishiya tana zuƙo ruwa da saiwoyinta, ta fitar da shi a matsayin tururi ta ƙananan kafofin da ke jikin ganye. Wannan ya haɗu da iskar damina da ke busowa daga teku ta kudu maso yamma, shi ya sa mai sammako zuwa gona yake komowa da wando jiƙe ko ba a yi ruwa ba.

Dabarar haɗa gilashi biyu tsohuwa ce. Wani Ba'amurke, Thomas Stetson, ya yi rajistarta a 1865, ko da yake ba ta yaɗu ba sai bayan 1940. Hikimarta ita ce iskar da ke tsaye cik ba ta ƙetarar da zafi da sauri. Akan bar rata ta milimita 6 zuwa 20, a cika ta da busasshiyar iska ko iskar agon. A gefe-gefe akwai siririn bututun alminiyom cike da ƙwayoyi masu shanye laima, sa'annan a liƙe da robar butil, a ƙara wani danƙon a bayanta. Muddin liƙin yana da rai, babu tururin da zai zama raɓa a ciki.

To, me ke kashe liƙin? Iskar da aka kulle tana kumbura in ta ji zafi, ta tsuke in ta ji sanyi. A ce taga ta kwana a sanyin hunturu na digiri 15, da rana kuma hantsi ya duba ta har ta kai digiri 45. Matsin iskar da ke ciki zai so ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100, gilasan su bankare waje. Da dare su lotsa ciki. Haka za su yi ta yi kullum kamar zuga-zugin maƙeri, roba kuwa ita ke shan jan. Hasken rana yana ƙara busar da ita, ruwan da ke kwanciya a gindin taga yana cin ta. Shi kuma firji, yawan ɗaukewar wutar lantarki da dawowarta, da buga ƙofa, su ne ke yi masa wannan aiki. Da zarar an sami tsaga, ko da ba ta kai silin gashi ba, kowane tsukewa zai zuƙo iskar waje mai laima. Ƙwayoyin nan za su yi ta shanyewa har su ƙoshi, wani lokaci shekara da shekaru. Saboda haka ranar da aka fara ganin gumi a tsakani, liƙin ya daɗe da mutuwa. In aka bar shi, ruwan yakan ci fuskar gilashin ya bar farin tabo na dindindin. Gyara na gaskiya shi ne a sauya fallayen biyu gaba ɗaya.

Wannan bayani ya fi shafar malamin kimiyya fiye da mai kanti. Madubin ganin ƙananan halittu da ke ɗakin gwaje-gwaje shi ma gilasai ne jere cikin bututu, da iska a tsakaninsu. In aka kulle shi a kabad tun Yuli aka tafi dogon hutu, laima za ta shige shi, ƙwayoyin fumfuna da ke yawo a iska su tsiro a kan gilasan kamar saƙar gizo. Fumfuna tana bunƙasa in laimar iska ta daɗe sama da kashi 70 cikin 100, kuma abin da take fitarwa yana cin rufin gilashin. Makarantar da ke da madubi uku ko huɗu kacal tana iya rasa su cikin damina ɗaya, ga jarrabawar aikin gwaji tana jiran ɗalibai, alhali kuwa rigakafin bai kai kuɗin alli ba. A ajiye madubin cikin akwati mai rufuwa sosai tare da ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu cikin 'yar jaka a kwalin sabon takalmi. Akwai masu launin shuɗi da ke komawa ruwan hoda in sun ƙoshi. A gasa su a kimanin digiri 120, su komo shuɗi, a mayar.

Ɗalibai na iya auna abin da kansu. A zuba ruwa a kofin ƙarfe, a tsoma ma'aunin zafi, a riƙa jefa ƙanƙara kaɗan-kaɗan ana motsawa, a rubuta digirin da gumi ya fara bayyana a bayan kofin. A yi gwajin cikin Oktoba, a maimaita cikin Janairu. Da hunturu ruwan na iya yin sanyi ƙarara kofin bai ko dushe ba.