GYARAN JELAR SHANUN NUNI IN GASHI YA ZUBE

Bayan an kawar da amfanin gona akan yi nunin kayan gona da dabbobi a ƙananan hukumomi da jihohi, haka kuma a lokacin bikin kamun kifi na Argungu. Manomi yakan turke sa wata uku ko huɗu yana ba shi harawa da dusa da angurya, sai ranar nuni ta matso ya duba ya ga jelar san ta zama kamar sanda, gashin duk ya zube. Alƙalan nuni kuwa suna duban dabba tun daga baki har jela. Wannan takarda za ta bayyana maka abin da ke kawo zubewar gashin, da yadda za ka yi ya komo, da kuma maganar jelar aro.

AMFANIN GASHIN JELA

Gashin jela ba don ado kaɗai yake ba. Da shi ne saniya ke korar ƙuda da bobuwa da tsando. Dabbar da ba ta da shi takan wuni tana buga ƙafa tana juya kai maimakon ta ci abinci, sai ƙiba ta ƙi zuwa, nono kuma ya ragu. Ban da wannan, jela tana cikin alamun iri. Misali, Bunaji farare ne amma galibi gashin jelarsu baƙi ne.

ABUBUWAN DA KE SA GASHIN YA ZUBE

1. Kaska. Akwai wata mai dogon baki, mai zobe-zobe a ƙafafu, wadda ke son ɓuya can cikin gashin jela inda ba a dubawa. Inda ta kama yakan yi ƙurji ya ruɓe, wani lokaci har bakin jelar ya gutsure ya faɗi.

2. Ƙwarƙwatar jela. Tana shan jini, tana kuma manna ƙwayayenta a jikin gashin. Dabbar sai ta riƙa goga jela a bango ko itace har gashin ya kakkarye.

3. Cutar fata, kamar kirci da ƙazuwa da makero. Kirci ya fi yawa da damina, musamman ga shanun da kaska ta yi wa yawa.

4. Kashi da taɓo. In garke ba ya samun shara, kashi yakan dunƙule a gashin ya bushe kamar dutse. Nauyinsa ya tsinke gashin, ko kuwa ya zagaye jelar kamar zobe ya hana jini wucewa.

5. Ƙarangiya da ƙashin yawo da waya mai ƙaya.

6. Maruƙa da awaki masu tauna gashi, musamman in ba su samun gishirin lasa.

7. Hannun mutum. Wasu masu huɗa sukan murɗa jelar sa don ya yi sauri, har ta karye. Wasu kuma su yanke gashin don yin izga.

YADDA ZA KA YI MAGANI

Kada ka fara shafa kome sai ka gano dalili. Ka ɗaure dabbar da kyau, wani ya riƙe maka, kai kuwa ka tsaya daga gefe don kada ta harbe ka. Ka buɗe gashin da yatsa ka duba fatar tun daga gindin jela har bakinta.

In kashi ne, ka jiƙa jelar cikin bokitin ruwan ɗumi da sabulu har ya yi laushi, sa'an nan ka warware shi a hankali. Kada ka fizge. In ƙarangiya ce, ka shafa man gyaɗa ka cire ɗaya bayan ɗaya.

In kaska ce, ka cire ta ka jefa cikin kananzir ko wuta. Kada ka murtsuke ta da farce, domin irin wannan kaskar tana ɗauke da wata muguwar cuta mai sa mutum zazzaɓi da zubar jini. Bayan haka ka wanke dabbar da maganin kaska, irin wanda aka rubuta Amitraz ko Cypermethrin a kwalbarsa, ka gauraya daidai yadda aka rubuta. Ka tsoma jelar gaba ɗaya cikin bokitin maganin, don feshi ba ya ratsa gashin sosai.

In ƙwarƙwata ce, ka maimaita maganin bayan kwana 14, domin wankin farko ba ya kashe ƙwayayen.

In ka ga ɓawo mai kauri ko ƙuraje, ka kira malamin dabbobi. Kirci da ƙazuwa maganinsu ba ɗaya ba ne, shi zai san allurar da ta dace. Ka tambaye shi kwanakin da za a jira kafin a sha nonon ko a yanka dabbar.

In akwai miki, ka wanke da ruwan gishiri, ka sa aidin, ka riƙa dubawa kullum kada ƙuda ya zuba tsutsa. Kada ka shafa baƙin man mota ko maganin feshin gona. Suna ƙona fata, kuma guba ne.

GASHIN ZAI KOMO?

In fatar bakin jela tana nan lafiya, gashi zai sake tsirowa. Amma a hankali yake fitowa, sai an yi watanni kafin ya cika. Babu wani mai ko magani da zai fito da shi cikin mako biyu, kada wani ya ci kuɗinka. Abin da ke taimakawa shi ne abinci mai kyau, da gishirin lasa, da tsabtar turke, da ɗan man kaɗanya don kada fatar ta bushe. In kuwa bakin jelar ya riga ya gutsure, to, gashi ba zai komo yadda yake dā ba, domin tushensa ya tafi.

JELAR ARO

A Amurka, inda nunin shanu ya zama babbar sana'a, akwai kantuna masu sayar da jelar aro wadda aka yi da gashin shanu na gaske. A ƙa'idar da ake bi a yawancin wuraren nunin shanun madara na ƙasar, an hana ƙara gashi a jikin saniya ko'ina, sai a jela kaɗai. Wasu wuraren kuwa sun hana ko da a jelar ne. Saboda haka kai ma abin da za ka fara yi shi ne ka tambayi kwamitin nunin. In sun ce a'a, to, magana ta ƙare. In sun yarda, ga yadda ake yi:

1. Ka nemi gashin jela a mahauta mai launi ɗaya da na dabbarka. Ka wanke da sabulu, ka zuba masa tafasasshen ruwa, ka shanya a rana, don kada ka kawo wa garkenka ƙwarƙwata ko makero.

2. Ka daidaita gashin ka ɗaure kansa tam da zare mai ƙarfi.

3. Ka kitse ɗan gashin da ya rage a tsakiyar jelar, ka ɗaura na aron a jikin kitson, sa'an nan ka sauko da gashin gefe ya rufe ƙullin.

4. Kada ka kuskura ka ɗaure zare ko roba a naman jelar. Jini zai tsaya, jelar ta mutu ta faɗi. In babu sauran gashin da za a ɗaura a kai, ko akwai miki, ka haƙura.

5. Da an tashi nuni ka kwance. Kada dabba ta kwana da shi.

Jelar aro ta filin nuni ce. Kai dabba kasuwa da ita ba tare da gaya wa mai saye ba algus ne, in asiri ya tonu kuwa mutuncinka ya zube a kara.

JAJIBIRIN NUNI

Ko gashin bai cika ba ana iya gyara shi ya yi kyau. Da yamma ka wanke jela da sabulu ka ɗauraye sosai. Tun da sauran danshi ka yi mata ƙananan kitso guda huɗu ko biyar, ban da matsewa. Da safe ka warware, ka taje da matsefi daga ƙasa zuwa sama. Za ka ga gashin ya buɗe ya yi yawa.

KA TUNA

Ka duba jelar shanunka sau ɗaya kowane mako, musamman da damina.
Ka share turke kullum.
Ka hana yara murɗa jelar shanun huɗa.
Ka fara shirin nuni tun ranar da ka turke sa, ba ana saura mako ɗaya ba.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinku.