WAƘAFIN GIDAJE: MAFAKAR TALAKA A BIRNI

 Ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan mako a kan matsuguni ne. Duk wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ko Ikko ya san yadda kuɗin haya ke cinye guzurin magidanci, ana neman ya biya na shekara guda a dunƙule, alhali kuwa abin da yake samu bai wuce na cefane ba.

Gwamnatoci sun yi nasu ƙoƙari. Tsakanin 1979 da 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, Gwamna Lateef Jakande kuma ya gina dubbai a Ikko. To, amma gidan da ya zama mallakin mutum yakan canja hannu, in ya shiga kasuwa kuwa mai kuɗi ne ke ɗaukarsa.

Shari'a tana da maganin wannan, watau waƙafi, wanda malaman Malikiyya ke kira hubusi. Asalinsa shi ne gonar da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya samu a Haibara. Annabi ya shawarce shi ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta, sai Umar ya gindaya cewa ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a kuma gadonta. Sahabbai sun yi haka da gidaje. Imam Buhari ya kawo cewa Zubairu ɗan Awwamu ya yi sadaka da gidajensa, ya ba kowace 'yarsa da aurenta ya mutu izinin zama a ciki. Abdullahi ɗan Umar kuma ya mai da rabonsa na gidan mahaifinsa mazaunin mabukata daga cikin danginsa.

Mai niyyar wannan alheri ya kiyaye abubuwa uku. Na farko, a mazhabar Malikiyya wajibi ne gidan ya fita daga hannunsa tun yana da lafiya, kafin bashi ya dabaibaye shi. Wanda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya gare shi, ba ya wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Na biyu, a naɗa amintaccen mai kula, a rubuta sharuɗɗa gaban shaidu. Na uku, gyaran gidan ake fara yi daga kuɗin da ya shigo, domin rufin da aka ƙyale yana yoyo ba zai kai jikoki ba. Saboda haka babu laifi a yanka wa mazauna 'yar haya kaɗan, ko a fid da shaguna a gaban gidan don su riƙe shi.

Malikiyya sun ma halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci. Ashe ke nan mai gida biyu yana iya ba da ɗaya shekara goma ga marayu ko gwauraye, daga baya ya komo masa.

Attajiranmu sun gina masallatai masu yawa, Allah Ya saka musu. Sai dai a tuna, ladanin da ke kiran salla a cikinsu shi ma yana bukatar ɗakin kwana.

Allah Ya sa mu dace, amin.