Darasin Ma'auni: Ƙera Samfurin Kumbo

A shekarar 1977 aka fitar da fim ɗin Star Wars a Amurka. Kumbon nan Millennium Falcon da ke cikinsa samfuri ne da aka ƙera da hannu, tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi.

Ɗalibi na iya ƙera irinsa da kwali da gam da rula. A labarin fim ɗin, tsawon kumbon ya kai kimanin mita 35. Idan aka ɗauki ma'aunin 1:100, sai a raba kowane awo gida 100, tsawon ya koma santimita 35. Wajibi ne faɗi da kauri su bi wannan rabo, domin muddin aka tsallake ɗaya, siffar kumbon za ta karkace, wahala ta tashi a banza.